Yayanka Ne a Gida, Amma a Ofis Ka Nemi Takarda

Wasiƙar wannan makon daga wani matashi ce a Hanwa, Zariya. Doguwa ce, sai na taƙaita ta, na kuma cire duk abin da zai sa a gane shi ko a gane wurin aikinsa. Ga abin da ya ce:

"Malam, salamu alaikum. Na karanta ilimin kwamfuta a Jami'ar Ahmadu Bello. Ina gama bautar ƙasa wani yayanmu da muka zauna tare a makaranta ya kira ni in zo kamfanin da ya kafa, muna yin manhajar da dillalan hatsi da manoma ke biyan kuɗi da ita. Mu takwas ne a lokacin, a wani gida mai ɗaki uku a Samaru, kwano ɗaya muke ci. Ya ce min in Allah ya sa abu ya yi kyau, ina da kashi ɗaya cikin ɗari na kamfanin. Yau shekara huɗu ke nan. Masu zuba jari sun shigo, mun kai mutum saba'in, an mayar da babban ofis Abuja. An kawo wani daga Legas an ɗora a kaina. Yaran da nake koya wa aiki, na gano wasunsu sun fi ni albashi. Ba dare ba rana wayata tana ƙara. Ranar sunan 'yata ina ƙule a ɗaki da laftof saboda saba, wato babbar kwamfutar da manhajarmu ke gudana a kanta, ta tsaya. Ana cire min kuɗin fansho, amma ban taɓa ganin saƙon shigarsu ba. Maganar kashi ɗaya ba a sake tayar da ita ba, kuma babu ta a rubuce. Shi kansa yanzu sai na bi ta hannun sakatariya kafin in gan shi, kuma a mitin kullum cewa yake mu 'yan uwan juna ne. Kaina yana ciwo kusan kullum, matata ta fara cewa kwamfuta ce uwargida. Ina so in ajiye aikin amma kunya nake ji, domin shi ya taimaka min da kuɗin lefe, mahaifiyata kullum albarka take sa masa. In na tafi na yi butulci? Ko in yi shiru in ci gaba da haƙuri?"

Wa'alaikumus salam, ƙanena. Allah ya raya mana yarinya, ya sa ta zama mai albarka.

Barin aiki ba butulci ba ne. Amma ban ba ka shawarar ka ajiye shi a wannan watan ba, kuma shirun da kake tunanin yi shi ne mafi muni cikin hanyoyin da ke gabanka. Akwai hanya ta uku da ba ka ambata ba, ita ce ka buɗe baki ka nemi abin da yake naka, a rubuce, cikin ladabi. Na ga alamar ba ka ambace ta ba ne don ita ce ta fi yi maka nauyi.

Kafin mu kai nan, ciwon kan nan ya tsaya min a rai. Ka je a auna maka jini cikin wannan makon, ko a asibitin da ke kusa da kai ko ka ƙarasa asibitin koyarwa na Shika. Kada ka ce kai yaro ne. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da binciken da ya nuna wanda ke aikin awa 55 ko fiye a mako, haɗarin shanyewar ɓarin jiki a kansa ya fi na mai yin awa 35 zuwa 40 da kashi 35 cikin ɗari, haɗarin mutuwa ta ciwon zuciya kuma ya fi da kashi 17. Ka zauna ka ƙirga awanninka na makon jiya, har da na dare, har da na Asabar da Lahadi. Jiki magayi ne, naka kuma ya fara magana. Farasitamol ɗin da kake sha kana komawa kan allo toshe masa baki kawai yake yi.

Yanzu ga kamfanin. Akwai wani abu da ya same ku wanda ba laifin kowa ba ne, kuma ina so ka ware shi daga abin da yake laifi. Lokacin da kuke mutum takwas, in ka lissafa kowa da kowa bibbiyu, alaƙa 28 ce kacal tsakaninku. Abin da ya faru da safe, kafin a idar da Azahar kowa ya ji. Ba a buƙatar takarda, domin wanda ya yi alkawari da wanda aka yi wa suna tsoma hannu a kwano ɗaya. Yau kun kai saba'in, wannan lissafin ya zama 2,415. Babu ɗan Adam ɗin da zai riƙe wannan a kansa. Shi ya sa ake kawo sakatariya, da shugabannin sashe, da jadawalin mitin, da fom ɗin neman hutu. Gidan nan na Samaru, da ƙarar janareta, da shayin dare, da dariyar da kuka yi ranar da kuɗin kwastoma na farko ya shiga, duk sun wuce, ba kuma za su dawo ba ko da yayanka ya fi kowa son su dawo. Na san wani ɓangare na ciwon da ke ranka kewar wannan zaman ce. Ka yarda kewa ce, ka yi ta, ba abin kunya ba ne. Sai dai kada ka haɗa ta da maganar haƙƙinka, domin in ka shiga wurinsa da su a cakuɗe, zai rarrashe ka a kan kewar, ka fito ba ka samu komai a kan haƙƙin ba.

Shi ma yayan naka ba shi ne mai cikakken iko kamar da ba. Duk wanda ya karɓi kuɗin masu zuba jari ya samu iyayen gida. Akwai kwamitin daraktoci da yake yi wa bayani, akwai adadin kwastomomi da ya yi alkawarin kaiwa, akwai watannin da kuɗin da ke asusu za su iya ɗaukar albashi kafin su ƙare. In wasu daga cikinsu a Amurka suke, to New York tana bayanmu da awa biyar ko shida, Kalifoniya da takwas ko tara, abin da ya sa za ka ga mitin yana faɗowa daidai Magariba ko bayan Isha'i. Na faɗi wannan ne don ka san da wa kake magana, ba don in wanke shi ba. Mutumin da ya iya zama da lauyoyi ya sa hannu a takardu masu yawa don ya kare haƙƙin baƙin da suka kawo kuɗi, ya san amfanin takarda sarai. Bai kamata a ce wanda ya kawo shekara huɗu na ƙuruciyarsa shi kaɗai aka bari da maganar baki ba. Kalmar nan ta "mu 'yan uwan juna ne" tana da daɗi, kuma mai yiwuwa har zuciyarsa yake faɗa. Amma ka lura da lokacin da take fitowa. In ba ta fitowa sai ana son a kwana a ofis, ba ta fitowa ranar rabon albashi da hannun jari, to ta zama kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Bari in ba ka labarin abin da ya same ni, don ka san ba daga sama nake magana ba. Ina saurayi na yi aiki a wata ƙaramar maɗaba'a a Sabon Gari. Maigidana mutumin kirki ne, ban taɓa kama shi da ƙarya ba, Allah ya jiƙansa. Ni ke buɗe shago, ni ke rufewa, ni ke bin makarantu karɓo aikin takardun jarrabawa. Wata rana bayan La'asar, muna zaune a benci a ƙofar shago, hannuna duk tawada, ya dafa kafaɗata ya ce sabon injin da muka sayo, kashi ɗaya cikin huɗu na ribarsa nawa ne har abada. Na sunkuyar da kai na ce na gode. Wani abokina ya ce in nemi a rubuta, na ce masa Allah ya kiyaye in kalli idon mutumin da ya riƙe ni kamar ɗa in ce ya ba ni takarda. Bayan shekara biyu da 'yan watanni ya kwanta ciwo na kwana tara, ya rasu. Da aka zo rabon gado na je na yi bayani. Babban ɗansa bai ƙaryata ni ba, bai ɗaga min murya ba. Tambaya ɗaya malamin da ke rabon ya yi min: akwai rubutu ko shaidu? Babu. Akwai marayu ƙanana a cikin magada, ba wanda ke da ikon ya ɗebi dukiyarsu ya ba ni bisa maganata kaɗai, kuma gaskiyarsu ce. Na tashi na sa takalmina na fito. Har yau ban riƙe kowa a zuciya ba, amma ranar na gane kunyata ba ni kaɗai ta cuta ba. Ta bar bawan Allah da alkawarin da bai cika ba, alhali da na nemi takardar da cikin minti biyar zai ba ni.

Shi ya sa nake cewa neman rubutu ba zargi ba ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, kuma muminai aka yi wa umarnin, mutanen da suka fi ni da kai amana. Yayanka yana iya zama mai gaskiya ɗari bisa ɗari, amma rai ba a hannunsa yake ba, kujerar ma ba tabbas gare ta. Masu zuba jari suna iya sauya shugaba, ana iya sayar da kamfanin. Wanda zai gaje shi bai ci tuwo da kai a Samaru ba.

Maganar kashi ɗayan nan tana buƙatar ka fahimci yadda abin yake tafiya kafin ka tayar da ita, don kada a juya ka da Turanci. A irin waɗannan kamfanoni ba kasafai ake miƙa wa ma'aikaci hannun jari kai tsaye ba. Abin da aka saba shi ne a ware wani kaso domin ma'aikata, a ba mutum takardar da ta ba shi damar mallakar hannun jari adadi kaza a kan farashi kaza. Kuma ba a lokaci ɗaya yake zama nasa ba. Tsarin da ya fi yawa shi ne na shekara huɗu: in ka cika shekara ɗaya rubu'i ya tabbata naka, sauran kuma yana tabbata kaɗan-kaɗan kowane wata har shekara huɗun ta cika. To ka ga muhimmancin ranar da za a fara ƙirga maka. In aka rubuta takardar yau aka ce daga yau za a fara, an share maka shekara huɗun da ka riga ka yi. Ka nemi a fara daga ranar da ka kama aiki. Ka kuma tambayi adadin hannun jarin da lamba, da jimillar na kamfanin gaba ɗaya, domin "kashi ɗaya" yana raguwa duk lokacin da aka shigo da sabon kuɗi. In an ba sababbin masu zuba jari kashi 20 cikin ɗari, ɗayanka ya koma 0.8, in aka sake ya ƙara sauka. Wannan ba cuta ba ce, haka na shi mai kamfanin ma yake raguwa, amma ya kamata ka san wane ɗaya ake nufi, na wancan lokacin ko na yanzu. Sannan ka tambayi wane kamfani ne ke ba ka. Da yawa daga kamfanonin fasaharmu da suka karɓi kuɗin waje suna da uwar kamfani da aka yi wa rajista a jihar Delaware ta Amurka, na nan gida mai rajistar CAC, hukumar yi wa kamfanoni rajista, reshe ne kawai. Hannun jari mai daraja yana can wurin uwar. Tambaya ta ƙarshe, in ka bar aiki me zai faru da abin da ya riga ya tabbata naka, domin wasu takardun kwana 90 kawai suke ba mutum ya biya ya karɓa, in ya wuce ya rasa. Idan takardar ta zo, kada ka sa hannu a ranar. Ka kai wa lauyan da ya san harkar kamfanoni ya karanta. A Zariya, garin da ke da tsangayar shari'a ta Jami'ar Ahmadu Bello a harabar Kongo, ba za ka rasa wanda zai duba maka ba.

Kada kuma ka gina gida a kan wannan kason. Gaskiya ne a 2020 kamfanin Stripe na Amurka ya sayi Paystack, kamfanin biyan kuɗi ta intanet na Legas, a kan sama da dala miliyan 200, don haka abin yana iya zama dukiya ta gaske. Amma har sai an sayar da kamfani ko an samu mai saye a hannunka, takarda ce kawai, ba ta sayen buhun masara. Ka neme ta don haƙƙinka ce, kada ka yarda a ce saboda ita za ka haƙura da ƙaramin albashi har abada.

Fansho kuwa ba alfarma ba ce, doka ce. Dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa kamfani mai ma'aikata 15 ko fiye ya cire kashi 8 cikin ɗari daga ma'aikaci, shi kuma ya ɗora kashi 10, ya tura duka cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi. In ya yi jinkiri akwai tara, ba ta gaza kashi 2 cikin ɗari na kuɗin ba a kowane wata. A misali, in naira 300,000 ce ake lissafa maka a kai, naira 54,000 ke nan ya kamata ta shiga asusunka duk wata, 648,000 a shekara. Ka fara da kanka: ka tabbata ka buɗe asusun fansho, ka kuma ba ofis lambarka. Sannan ka nemi kamfanin fanshon su ba ka bayanin asusunka tun daga farko. Wani lokaci kuɗin suna shiga, lambar waya ce aka rubuta ba daidai ba. In kuwa ka tarar babu komai, to an cire maka kuɗi an riƙe, kuma ba kai kaɗai ba ne. Ka rubuta wa sashen kuɗi ta imel ka nemi bayani. In aka yi ta ja maka rai, hukumar kula da fansho ta ƙasa, PenCom, tana karɓar irin wannan ƙorafin. Wannan dokar dai ta ce a yi wa kowane ma'aikaci inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba. Kai mai 'ya ne yanzu, ka tambaya ko an yi.

Ba ka ce min ko kana da takardar ɗaukar aiki ba, kuma ina zargin babu, ko kuma tana nan da albashin shekara huɗu da suka wuce. Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da farawa, dokar ta kuma ba shi hutun kwana ɗaya cikin kowane bakwai. Sai dai ka sani, ma'anar "ma'aikaci" a wannan dokar ta cire masu aikin gudanarwa da na ƙwararru, don haka injiniyan manhaja irinka abin da zai fi dogara da shi a gaban alƙali shi ne kwantiraginsa. Ka ga mun sake dawowa kan takarda. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke sauraron irin waɗannan shari'u, tana da reshe a Kaduna. Ba ina tura ka kotu ba ne, ina fatan ba za a kai nan ba. Amma mai magana da ya san akwai inda zai je, muryarsa ba ta rawa.

Yanzu sai ka yi haƙuri da ni, domin akwai inda kai ma kake da hannu. Me ya sa in saba ta tsaya ƙarfe biyu na dare kai kaɗai ake kira, a kamfanin da ke da mutum saba'in? Ina jin amsar ita ce kai ka gina ta tun farko, kai kaɗai ka san lungunanta, kuma ba ka rubuta komai ba. Zan ƙara da abin da wataƙila ba za ka so ji ba: akwai daɗi a ce babu wanda zai iya sai kai. Tun da aka ɗora wani a kanka, wannan kiran na dare shi ne abin da ya rage yana nuna maka har yanzu kana da muhimmanci. Na fahimta. Amma tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Wanda ba a iya yi sai da shi, ba a iya ba shi hutu, ba a kuma iya ɗaga shi zuwa wata kujera, domin babu mai zama a tasa. Ka ɗauki wata biyu ka rubuta duk abin da ke kanka: in kaza ya faru a duba kaza, a danna kaza. Ka zaɓi biyu ko uku cikin yaran da kake koyarwa ka zaunar da su su gyara matsala kana kallo, hannunka a aljihu. Sannan ka kai wa shugaban sashenku tsarin karɓa-karɓa, kowa ya riƙe wayar gaggawa mako ɗaya, wanda ya kwana a kan aiki a ba shi safiyar ya yi barci. Haka kamfanonin da suka san abin da suke yi ke tafiyar da shi. Ranar sunan nan da ta wuce ka ba za a maimaita ta ba, amma akwai ranar da yarinyar za ta fara takawa, akwai ranar da za a kai ta makarantar allo.

Mutumin Legas ɗin nan kuma, kada ka mayar da shi abokin gaba tun ba ka gwada shi ba. Gina manhaja fanni ne, jagorancin injiniyoyi ashirin wani fanni ne daban, mai yiwuwa ya taɓa yi kai ba ka taɓa ba. Laifin da aka yi maka shi ne rashin zaunar da kai a faɗa maka kafin ya zo, kuma ba shi ya yi wannan ba. Ka tambaye shi kai tsaye me ake buƙata ka nuna kafin a ɗaga ka zuwa mataki na gaba, da wane lokaci za a duba. In mai hankali ne zai ji daɗi, don babu abin da baƙon shugaba ke buƙata kamar tsohon hannu da ya san gida.

Batun yaran da suka fi ka albashi ba sabon abu ba ne. Su an ɗauke su da farashin kasuwar yau, kai kuma ana ɗora maka 'yan ƙari ne a kan farashin da aka ɗauke ka. Tsakanin nan an cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, darajar naira ta faɗi, mafi ƙarancin albashi ma ya tashi daga 30,000 zuwa 70,000 a 2024. In za ka yi maganar, kada ka ambaci sunan kowa, kada ka ce wane ya fi ni. Ka kawo abin da ka gina, da mutanen da ka horar, da abin da ake biyan mai irin aikinka a wasu wurare, ka faɗi adadin da kake nema da bakinka.

To, yaya za ka tunkari yayan naka? Kada ka yi a WhatsApp da tsakar dare, kada ka yi a gaban mutane, kada kuma ka aika mahaifiyarka ko wani dattijo tun yanzu, don zai ji kamar ka kai ƙararsa. Ka bi ta hannun sakatariyar, ba ƙasƙanci ba ne, ka nemi rabin awa. In ta kama ka shiga mota ka je Abuja, ka je. Ka fara da godiya, kuma ka yi ta da gaske, don ya cancanta. Sannan ka ce masa wani abu kamar haka: "Yaya, akwai maganar da ka yi min a Samaru ta kashi ɗaya. Ban taɓa shakkar ka ba. Amma yanzu ina da iyali, kamfani kuma ya girma ya wuce ni da kai, ina so a sa ta a rubuce don kada wata rana ta zama nauyi a kanka ko a kaina." Daga nan ka yi shiru, ka bar shi ya amsa. Kada kunya ta sa ka cike shirun da "amma in babu hali ba komai". In ya ce sai kwamitin daraktoci ya amince, gaskiya ne, haka tsarin yake. Ka tambaye shi yaushe ne zamansu na gaba. Da ka fito ka aika masa gajeren imel na godiya, ka jera abin da kuka tattauna da ranar da ya ce. Wannan imel ɗin shi ne rubutunka na farko a shekara huɗu.

Ka ba shi wata biyu zuwa uku. A cikinsu za ka san da wa kake zaune. In ya kawo takarda, ko ya ce ɗaya ba zai yiwu ba ga abin da zai yiwu, ka samu abokin tafiya. In ya ɓata rai ya ce ashe ba ka yarda da shi ba, ko ya yi ta cewa "bari mu gama wannan zagayen na neman masu zuba jari", to ka samu amsarka, sai ka fara shirin tafiya a natse. Ba a fafe gora ranar tafiya: ka gyara takardar bayanin aikinka, ka taɓa abokan karatunka da ke wasu wurare, ka tara abin da zai riƙe gida wata uku ko fiye. Kada ka saki wannan sai ka kama wani, domin kasuwar ba ta da tabbas ko ga manya. A Nuwamban 2022 Meta, mai Facebook, ta sallami mutum 11,000, a Janairun 2023 Google ta sallami 12,000, Microsoft 10,000. In lokacin ya zo ka ba da sanarwa gwargwadon yadda kwantiragi ya ce, ka miƙa komai dalla-dalla, kada ka fita da ko layi ɗaya na manhajarsu ko bayanan kwastomominsu. Amana ce, kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023 tana nan. Zariya ƙarama ce a wannan harkar, waɗanda ka bari a nan za ka sake haɗuwa da su.

Kuɗin lefe kuwa, in bashi ne ka biya, in kyauta ce ka ci gaba da godiya har ƙarshen rayuwarka. Ka je masa barka da Sallah, ka halarci sha'aninsa, ka yi masa addu'a, ko kana kamfaninsa ko ba ka nan. Amma ya ba ka ne don ka yi aure ka zauna da iyalinka lafiya, ban yi zaton ya ba ka don auren ya lalace a kan aikinsa ba. Hajiya ma in ka zaunar da ita ka ce mata kanka na ciwo kullum, kuma ba ka samu zama a sunan jikarta ba, za ka ga albarkar da take sa masa ba ta kai son da take yi maka ba. Ka faɗa mata da kanka kafin ta ji a bakin wani.

Mai ɗakinka kuma, maganar da ta yi cikin wasa ta yi ta, amma ba wasa ba ce. Lokacin da Salmanul Farisi ya ce wa Abud Darda'i Ubangijinka yana da haƙƙi a kanka, ranka yana da haƙƙi a kanka, iyalinka suna da haƙƙi a kanka, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa ya yi Salmanu ya yi gaskiya. A kan yawan ibada ma aka faɗi haka, balle aikin ofis. Yau da daddare ka ba ta haƙurin ranar suna, da baki, ko da kana ganin ta riga ta wuce. Ka gaya mata shirin da kake yi da watannin da ka ɗiba. Daga Magariba zuwa bayan cin abinci ka bar wayar a wani ɗaki, ka sanar da ofis cewa a wannan lokacin ba a samunka sai in makon gaggawarka ne.

In ka je asibiti ka rubuto min abin da awon ya nuna, da abin da kamfanin fansho suka ce maka. Ka gaishe min da Hajiya.